Kwamfutar Surukina Ta Sake Lalacewa

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Gusau, kuma duk abin da na sani game da kwamfuta bai wuce abu biyu ba: a kashe a sake kunnawa, in ta ƙi a duba ko kebul ya zare. Da wannan ɗan ilimi na zama injiniya a dangin matata. Ban nemi sarautar ba. Wata rana ce a gidan biki aka rasa mai haɗa lasifika da kwamfutar mai hoto, na sunkuya na tura wani kebul da ya yi sako-sako, sauti ya tashi, mata suka rangaɗa guɗa. Kafin a watse labari ya kai Tsafe, wurin surukina.

Surukina tsohon malamin gona ne. Da ya yi ritaya abokan aikinsa suka haɗu suka saya masa kwamfuta ta tebur, da firinta, da 'yan lasifiku biyu. Ya ware mata ɗaki guda kusa da zaure, mai taga da ke kallon tsakar gida. Da ita yake buga sanarwar ƙungiyar manoman unguwa, da ita yake sauraron karatu, da ita kuma yake wasan karta, ko da yake wannan na ƙarshe bai taɓa amsawa ba. Duk ranar da na tarar da kartar a buɗe sai ya ce ita ce ke buɗe kanta.

Matata ita ce 'yarsa ta fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi ga mutanen zamanin su Baba. Ba ya kiran sunanta, ba ya zaman hira da ita, ba ya bari a ga ya damu da ita. Tun da aka yaye ta aka kai ta 'Yandoto wurin kakarta, can ta girma, daga can aka kawo mini ita. In zai tambaye ni lafiyarta sai ya ce, "Ya mutanen Gusau?" sai ka ce ni ke riƙe da garin. In ta je gida takan durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon bango, ta wuce ciki wurin Gwaggo, ƙanwarsa da ke kula da gidan tun rasuwar Inna, mahaifiyar matata.

Ni ma da tawa kunyar, tunda suruki nake. Ba na hawa kujera in yana ɗakin, ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci a gabansa. To a gaya mini yadda mutum zai gyara kwamfutar tebur daga kan tabarma. Haka na riƙa yi dai, a durƙushe, hannuwa a sama kamar mai shanya kaya a igiya, wuyana yana ciwo.

Kiran farko na gaskiya ne, wannan zan iya rantsuwa a kai. Firinta ce take jan takarda ta tauna ta tofo. Ranar Asabar na ɗauki matata a mota muka tafi, don ba a zuwa garin surukai a baro 'yarsu a gida. Ita ta shige wurin Gwaggo, ni na durƙusa gaban firinta. Da na buɗe murfin sai ga gidan zanzaro na laka, an gina shi tsaf a daidai inda takarda ke bi. Na fasa, na share, na hura, firinta ta buga sanarwar rabon iri ba ko tangarɗa. Baba ya sa mini albarka har na ji kunya, na dawo Gusau ina jin kaina wani abu.

Ba a daɗe ba aka sake kira. Wannan karon maus ne, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, kibiyar da ke fuskar kwamfuta ta bi shi. Kibiya ta daskare a wuri ɗaya, ta ƙi motsi. Muka sake kama hanya.

Duk mai gyara yana farawa ne da tambayar mai kaya abin da ya taɓa. Ni ba ni da wannan damar, don ba a tuhumar suruki. Iyakata in sunkuyar da kai in ce, "Baba, ko an ɗan taɓa wani wuri?"

"Wa za shi taɓa?" in ji shi. "Ni kaɗai ka shiga ɗakin ga."

Shi ke nan, bincike ya ƙare tun ba a fara ba. Na kashe na kunna, kibiya tana nan inda take. Na zare kebul na mayar, ko gezau. Sai na kifa maus ɗin don in hura shi, na ga an liƙe 'yar fitilar da ke ƙarƙashinsa da baƙin salatif. An yanka salatif ɗin daidai wa daida, kusurwa huɗu, an shafe shi da kyau babu ko kumfa. Na daɗe ina kallonsa. Zanzaro dai ba ya riƙe almakashi, kuma mai ɗakin ya riga ya ba da shaida da bakinsa cewa shi kaɗai ke shiga.

Na ɓare shi da farce na ɓoye a aljihu, na ce, "Baba, ta tashi."

"Har an gama?" ya ce.

Muryar ce ta sa na saci kallonsa. Ba muryar wanda aka gyara wa kaya ba ce, ta wanda baƙonsa ya miƙe zai tafi ce tun ba a kawo ruwa ba. A nan na lura ashe tun shigowata bai ko dubi kwamfutar ba. Kujerarsa tana jikin taga, carbi a hannunsa amma ba ya ja. A tsakar gida matata tana ba Gwaggo labarin wata mai naƙuda da ta ciji hannunta a asibiti, don ungozoma ce, tana yi tana dariya har da tari. Tsohon nan ya karkata kunne, bakinsa yana motsi kaɗan kamar zai taya ta.

Abin ya fito mini fili. Mutumin nan yana kewar 'yarsa, kuma duk duniya babu hanyar da zai buɗe baki ya ce a kawo masa ita. Amma yana da damar cewa kwamfuta ta lalace, kuma ya gane cewa in injiniya ya taho da ita yake tahowa.

Da farko haushi na ji, ba zan ɓoye ba. Asabar ɗita guda, ga takardun yara jibge ban duba ba, an taso ni tun daga Sabon Garin Gusau saboda guntun salatif. Amma kafin in miƙe haushin ya koma tausayi, tausayin kuma ya koma wani abu da ya fi dacewa da halina. Na gyara durƙuso na ce, "Ta dai tashi, Baba, amma ban yarda da ita ba. Bari in buɗe cikinta in gani."

"Ai kau, buɗe," ya ce da sauri. "Ni ma ban yarda da ita ba."

Daga ranar muka ƙulla sana'a ni da surukina, ba tare da ɗayanmu ya ce uffan ba. Shi ke ɓatawa, ni ke gyarawa, kuma kowa yana ƙoƙarin kada ya ba abokin aikinsa kunya. Ya fara da ƙananan abubuwa. Ya zare kebul ɗin kibod ya cusa shi a ramin da ba nasa ba. Ya murɗe sautin lasifika har ƙasa ya ce karatu ya daina fita. Sannu a hankali hannunsa ya faɗa. Wata rana bisa kuskure ya danna wasu maɓallai, duk abin da ke fuskar kwamfutar ya juya ƙasa ta koma sama. Na gyara a gabansa, ban san yana kallon yatsuna ta wutsiyar ido ba. Bayan nan sai ciwon juyewa ya zama na gado a gidan, yana tashi duk lokacin da aka ɗan kwana biyu ba mu leƙa ba. Har ya kai ga mayar da kibod Larabci, ka danna harafi ya fito daga dama, ya ce halan yawan karatun da take ji ne ya kama ta.

Ni kuma nawa aikin shi ne jan lokaci. Gyaran da bai fi ƙiftawar ido ba sai in shimfiɗa shi daga hantsi har la'asar. In kwance murfin akwatin in jera kusoshi a kan tabarma. In kara kunne a jikinsa in yi shiru, ina girgiza kai. In ce fanka ta yi zafi, sai an bari ta huce. In ta huce in ce ta yi sanyi da yawa, sai an bari ta ɗumama. Na ƙirƙiro cututtukan da ko wanda ya ƙera kwamfutar bai san da su ba, kuma kowanne na faɗa sai Baba ya gyaɗa kai da nauyi ya ce, "Ni ma hakanan niy yi zato." Manyan maƙaryata biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya a kujera ɗaya a tabarma, kowa yana kallon wani wuri daban. A tsakar gida kuwa Gwaggo tana gasa hoce, wainar dawar nan da matata ke so tun tana 'Yandoto, hira tana shigowa ta taga.

Matata ba ta san komai ba. A hanyar dawowa takan ce kwamfutar nan ta fi duk matan da ke zuwa awo yawan laulayi, a sayar da ita mana a huta. Ni kuma in ce ai tsohuwar ƙira ce, irinta sai da lallashi.

Wanda ya ɓata mana kasuwa ƙaninta ne. Magidanci ne da 'ya'yansa, yana aikin ofis a Bungudu, kuma shi ya san kwamfuta da gaske, ba irin sanina ba. Tsakanina da shi wasa ne, kamar yadda aka saba da ƙanin mata, don haka ba ya raga mini. Bokan kwamfuta yake kirana. Da muka haɗu a Tsafe da Sallah ya ji yawan zaryar da nake yi, sai ya kama ciki yana dariya.

"Injiniya, kai har yanzu mota kaka shiga don ka gyara kwamfuta? Wane zamani kake?"

Kafin in hana shi ya haye kujerar Baba, tunda shi ɗa ne ba suruki ba, ya saka wata manhaja a kwamfutar, ya saka irinta a 'yar kwamfutata ta hannu. Ya ce daga yau ina zaune a ɗakina a Gusau zan ga duk abin da ke fuskar ta Baba, in ja kibiyarta, in gyara abin da ya ɓaci, ba sai na taka ko bakin ƙofa ba. Ya ma daidaita ta yadda ba sai Baba ya danna komai ba, muddin tana kunne kuma akwai intanet. Ya juya yana jiran yabo. Matata ta leƙo ta taga ta ce Allah ya yi masa albarka, ya raba mu da wahala, ga shi hanyar Tsafe ba kullum take da daɗin bi ba a shekarun nan. Gaskiya kuwa ta faɗa. Baba ya ce, "Madalla," da irin muryar da ake amsa gaisuwar ta'aziyya.

Bai yarda an ci shi da yaƙi nan take ba. Bayan Sallah ya kira ya ce fuska ta sake juyewa. Matata tana zaune kusa da ni ta ce to ga ranar abin da ƙaninta ya saka. Ba yadda na iya, na buɗe tawa, ga fuskar kwamfutar Baba a gabana ƙafa a sama. Na ja kibiya.

"Malam!" ya ce a waya. "Kibiya na tahiya ita kaɗai! Kai na ciki?"

"Ni na, Baba."

"Daga Gusau?"

"Daga Gusau, Baba."

Na mayar da fuskar daidai. Ya ce, "Ikon Allah," ya tambayi mutanen Gusau, ya kashe waya.

Ya sake gwadawa sau ɗaya. Ya yi tunani irin na tsohon ma'aikaci, ya gano cewa in babu intanet babu ta inda zan shiga, sai ya kira ya ce 'yar na'urar intanet ɗin ta daina haske gaba ɗaya. Na ji daɗi a raina, na ce ga dabara. Amma ranar matata tana da aiki, kuma ta ce ita ta gaji da rakiyar kwamfuta, in je ni kaɗai tunda ba ita ke gyaran ba. Na yi juyin duniya, ta ƙi. Na tafi ni kaɗai.

Da na tsaya a ƙofar gidan na tarar da shi a bakin zaure, abin da bai saba ba, sanye da sabuwar riga. Na fito na durƙusa ina gaisuwa. Yana amsawa, amma idonsa yana kan ɗaya ƙofar motar, yana jira a buɗe ta. Na ja gaisuwar iya ja, na tambayi gona, na tambayi dabbobi, ƙofa dai ba ta buɗe ba. Ƙamshin hoce yana fitowa daga cikin gida.

"Ta sami aiki yau, Baba," na ce, ko da yake bai tambaya ba.

"Aiki ai shi ag gaba," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, "Na'urar ma ta gyaru da kanta ɗazu. Na wahal da kai, Malam."

Ban taɓa jin nauyin wata tafiya kamar komawata Gusau a ranar ba. Gwaggo ta ƙulle hocen a leda ta ba ni, na ajiye shi a kujerar da babu kowa.

Daga nan kwamfutar Baba ta warke. Damina ta shigo ta wuce, aka yi girbi, ba ta ko yi atishawa ba. Ƙanin matata yana ta cika baki a Bungudu cewa tun da ya sa mata hannu ta shiryu. Ni kaɗai na san lafiyar nan ba ta alheri ba ce. Tsohon ya ga ya taso ni a banza, ya ji kunya, ya ajiye makamansa. Matata kuwa aiki ya sha mata kai, kuma tunda babu mai kiranta ba ta ga dalilin zuwa ba. In na kira shi gaisuwa muryarsa a sanyaye, ko mutanen Gusau sai a ƙarshe yake tambaya, a gurguje.

Wata Juma'a bayan mun ci abinci na zaunar da ita na kwashe komai na gaya mata, tun daga salatif har sabuwar riga. Na zaci za ta yi dariya. Sai ta ɓata rai.

"Kai dai ka cika shirya labari," ta ce. "Mutumin da tun da nike bai taɓa kallon idona ba? Ko ranar da anka kawo ni gidan ga, aike yay yi a gaya man in yi haƙuri. Ƙannena shika so. Ni ba ni cikin lissahi."

Ta faɗi haka tana tattara kwanuka, ta kawar da kai don kada in ga fuskarta. Shekara da shekaru muna tare, ban san abin yana cinta haka ba. Ita tana ganin ba ya sonta, shi yana can yana liƙe maus da salatif don ya ji dariyarta ta taga. Raina ya ɓaci, ba da ita ba, ba da shi ba, da wannan kunya da ta tsaya a tsakaninsu ta ƙi gusawa. Na ce mata ta ba ni Asabar ɗaya kawai, in ta ga ƙarya nake yi ba zan sake tayar da maganar ba. Ta ce ta ji.

Na san Baba yakan kunna kwamfuta bayan la'asar. Na jira ranar Alhamis, na buɗe tawa, na shiga ta hanyar nan da ƙaninta ya buɗe mini. Ga karta a shimfiɗe, wasa ya yi nisa, har yana shirin ci. Na jira har na ga kibiya ta daina motsi, alamar ya tashi, sannan na yi ɓarnar da ban taɓa yi ba a rayuwata. Na rufe kartar na ɓoye ta. Na ɓoye duk 'yan hotunan da ake dannawa a buɗe abu, fuska ta zama fili fetal. Na rage wa kibiya gudu har ta koma tana jan ciki. Ban goge komai ba, kawarwa kawai na yi, yadda dannawa kaɗan za ta dawo da su. Na naɗe hannu na zuba wa waya ido, ba ta kuwa daɗe ba ta yi ƙara.

"Malam," ya ce, ko gaisuwa babu, "wanga karon hwa da gaske na!"

Ya ji abin da ya faɗa, na ji, kuma ya san na ji. Na cije leɓe har na ji zafi don kada dariya ta kuɓuce mini a kunnen suruki.

"Subhanallahi," na ce. "Mi yaf faru, Baba?"

Ya yi gyaran murya. "Komi ya ɓace. Har da wasu muhimman abubuwa da nika aiki da su kullum."

Na san muhimman abubuwan, masu zane ja da baƙi. Na ce masa wannan ciwo babba ne, ba ya gyaruwa daga nesa, sai an sa hannu. Na ce ga shi kuma ranar Asabar ina tsaron jarrabawa, amma zan turo wanda zai zama hannuna, ni in riƙa ba da umarni ta waya.

"Wa za ka turo?"

"Mutanen Gusau, Baba."

Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya ce Allah ya kai mu.

Ranar Asabar na kai ta tasha ta shiga motar Tsafe, na dawo gida na zauna gaban kwamfutata, babu wata jarrabawa. Wajen hantsi ta kira ta ce ta iso, tana bakin ƙofar ɗakin. Na ce ta buɗe muryar wayar kowa ya ji, ta ajiye a kan tebur, ta hau kujera. Ta ce kujerar Baba? Na ce gyara ba ya yiwuwa daga ƙasa, ni da na shekara ina yi a durƙushe. Na ji ƙarar kujera. Na kuma ji takun Baba yana neman sulalewa waje.

"Baba, a yi haƙuri, aikin ga na mutum biyu na," na ce. "Akwai kebul mai kauri a bayan akwatin, wanda yat tahi wurin firinta. A riƙe kansa a danne cikin raminsa, kada a saki. Ita kuma ta danne maɓallin farko da na ƙarshe na layin sama, hannu biyu. In ɗaya yas saki, sai an koma farko."

Kebul ɗin gajere ne, na san shi sarai. Ba yadda za a riƙe shi sai mutum ya jawo 'yar kujerar tsugunne ya zauna a gefen teburin, kafaɗarsa kusa da gwiwar wanda ke kan kujera. Na ji ana jan kujerar. Na ji ya ce bismillah.

"Har yaushe za a riƙe?" matata ta tambaya, kuma daga muryarta na san ta fara gano ni.

"Sai ta loda," na ce. "Kada a yi gaggawa."

Na yi shiru, su ma suka yi shiru. Ina jin fanka tana juyawa, ina jin akuya tana kuka a tsakar gida. Shirun ya yi tsawo har na fara tunanin na yi wauta, na haɗa mutum biyu a ɗaki suna shan azaba a banza. Na kai hannu zan dawo da komai in sallame su, sai na ji muryar Baba ƙasa-ƙasa, kamar da kebul ɗin yake magana.

"Yatsun ga na uwarki na."

Ya gyara murya ya ƙara da tambaya.

"Hanya lahiya dai?"

"Lahiya lau, Baba."

Sannan ya ce, "Ran sunanki cewa anka yi na gudu gona, awa yadda kowa ka yi ga ɗiyar fari. Hakanan nic ce ma mutane. Ban kai gonar ba. Bayan katangar gidan ga nit tsaya tun sahe, ina jin kukanki. Da anka kai ki 'Yandoto kuma, duk ran kasuwa sai na biya ta ƙofar gidan kakarki, in ce iri nika dubawa. Babu wani iri."

Na ji numfashinta ya canza. Ta ja hanci, ba ta da hannun share fuska, duka biyun suna kan kibod. Ta ce, "Ni ina ganin wani mai keke shina wucewa da farar hula. Kaka ta ce malamin gona na."

"Malamin gona na," ya ce. "Ba ta yi ƙarya ba."

Ta yi dariya cikin kuka, shi ma na ji ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Daga nan magana ta ɓalle. Ya tambaye ta aikin asibiti, ta ba shi labarin tagwayen da ta karɓa a makon, ya ce ita da ke tsoron ko kaza. Ta ce wa ya gaya masa, ya ce yana da masu kawo masa rahoto. Ni ina Sabon Gari, na dafe baki da hannu, idona ya cika, na manta ma ni ne injiniya.

Can na tuna tsoho ne a tsugune, gwiwarsa ba ta da ƙwari. Na ja kibiya a hankali na dawo da komai. Hotuna suka jeru a wurarensu, kibiya ta warware, har kartar na buɗe masa ita. Abin da nake gani a tawa shi take gani a gabanta, fuska cike, komai lafiya lau. Shi kuwa yana gefen akwati, ba ya hango komai.

"Malam," ya ɗaga murya, "kana nan? Hannu ya hwara sanyi. Ta tashi?"

Na buɗe baki zan ce ta tashi, sai matata ta riga ni.

"Ba ta tashi ba tukuna, Baba," ta ce. "Riƙe dai."